Jikka tamanin ɗin da ba mu ba Sahura ba

Ranar Laraba muke zubi, bayan la'asar, a tsakar gidan shugabarmu. Mu 27 ne, kowace dala ɗari a mako. An gama ƙidaya ke nan za a rufe akwati, sai Sahura ta ɗaga hannu ta ce tana son rance, jikka tamanin. Wuri ya yi tsit. Jikka tamanin zubinmu ne gaba ɗaya na kusan mako shida, kuma Sahura ba ta taɓa cin bashin da ya wuce na buhun gujiya ba.

Shugaba ta ce, "Ɗiyata, wace sana'a ce haka?"

Ta fiddo salula ta ce karatu za ta yi ta intanet, a ba ta takardar shaidar zama dula. Inna Tsahara, wadda kunnenta ya fara nauyi, ta ce, "Daula? Da kuɗinmu za ki shiga daula?" Muka yi dariya har da riƙe ciki. Sahura ba ta yi ba, kuma duk mun san dalili. Bara ƙanwarta ta zo goyon ciki gida, cikin fari, naƙuda ta kama ta, ta yi shiru don kunya. Kwana biyu tana kan gwiwa kafin a nemo mota. Ɗan bai zo da rai ba, ita kuma sai da aka kai ta Danja, asibitin masu yoyon fitsari da aka buɗe a 2012, aka yi mata aiki. Tun lokacin Sahura ba ta da zance sai na haihuwa.

Ta yi mana bayani. Dula kalmar Girkanci ce da Turawa suka ara. Mace ce da ke zama da mai naƙuda tun farko har ta sauka: ta riƙe ta, ta murza mata baya, ta ba ta ruwa, ta kwantar mata da hankali, ta yi magana a madadinta in bakinta ya mutu. Ba ta allura, ba ta duba ciki, ba ta karɓar haihuwa. A Amurka sana'a ce, biya ake yi, har ƙungiya gare su mai suna DONA tun 1992. Kuma ba son banza ba ne: a 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a bar kowace mai naƙuda da ƴar rakiyar da ta zaɓa da kanta, domin binciken da aka tattara kan mata fiye da 15,000 ya nuna wadda aka zauna da ita naƙudarta ta fi gajarta, kuma ba a cika kai ta ga tiyata ba.

Inna Tsahara ta saurara, ta ce, "To ai mu ne." Sai kuma ta yi jim ta gyara zancenta da kanta. Shekara talatin tana ungozoma, ta ce, amma yawanci sai ɗa ya faɗo ake aiko mata. Ta yanke cibi, ta binne mabiyiya, ta yi wankan jariri, ta sa ruwan jego, ta dama kunun kanwa. Awannin da yarinya take ita kaɗai a ɗaka tana cizon zane, babu kowa. Mun daɗe da sanin haka, amma ba mu taɓa jin an faɗe shi a fili ba sai ranar.

Don haka ba mu ce a'a ba. Ka'idarmu ce rancen da ya wuce jikka hamsin sai ya kwana mako guda, kuma sai mutum biyu sun duba abin da za a saya. Aka haɗa ta da ma'ajiya da wata ɗiyarmu mai karantarwa a lakkol.

Iri uku suka tarar. Na farko da Turancin Ingilishi, kuɗinsa da dalar Amurka, ko kallonsa ba su tsaya yi ba. Na biyu da Faransanci, shi ne mai jikka tamanin, bidiyo ne da darussa na wata da watanni. Na uku jikka goma sha biyar kacal, wai cikin mako guda a aiko miki da takarda mai hatimi ta WhatsApp, ki tura kuɗi ga wata lamba. Ma'ajiya ta ce wannan ya fi, tunda araha ne. Malama ta ce araha ba ta ado, ta nuna mata wani abu: masu yin abin da gaske ba sa ba da takarda sai kin halarci haihuwa ta zahiri. DONA ɗin nan haihuwa uku take nema, da shaidar matan da kika raka. Wanda zai ba ki takarda ba tare da kin taɓa jin kukan mai naƙuda ba, takarda yake sayarwa.

Shi ma mai jikka tamanin da suka zauna suka yi lissafi, ba tamanin ba ne. Bidiyo yana cin forfe kamar wuta a kara. Ga cajin salula. Ga biyan da sai da katin banki, wanda duk cikinmu babu mai shi, sai an roƙi wani a Maraɗi. Sannan abin da suka nuna na gwaji, mace ce a ɗaki mai fanka, tana zaune kan ƙatuwar ƙwallon roba, mijinta na riƙe da hannunta. Babu darasi ko ɗaya kan yadda za ki shawo kan uwar miji da ta ce a jira asuba, ko inda za ki samo mota ƙarfe biyun dare cikin damina.

Zuwa da kai ya fi aike. Ranar awon ciki muka tafi mu huɗu wurin madam mai karɓar haihuwa a likitarmu, muka jira ta sallami layi. Ta duba salular Sahura da kyau, ta ce ita dai ba ta san wani aikin gwamnati mai wannan suna ba, kuma takardar ba za ta ba kowa izinin sa hannu a jikin mai ciki ba, ko da ta jikka ɗari biyar ce. Sai ta ce, "Amma in kina son aiki, akwai aiki. Ku kawo mini su da wuri. Wadda ta iso da ƙafarta ban cika rasa ta ba."

Nan take ta shiga lissafa wa Sahura abubuwan da ba a kwana da su: jini ko kaɗan ne, ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi, kumburin fuska da hannuwa, jijjiga, zazzaɓi, faya ta fashe babu naƙuda, ɗa ya daina motsi, naƙudar da ta kama da safe har rana ta faɗi ba a sauka ba. Ta ce ko bayan an sauka, mabiyiya in ta ƙi fita ko jini ya ƙi tsayawa, ba lokacin jiƙo ba ne, akwai magani a likita kuma minti ake ƙirgawa. Ta tuna mana gwamnati ta daɗe da ɗauke kuɗin tiyatar haihuwa, ko da yake duk mun san mota da abinci da ƴan saye-saye suna nan a wuyan mai ɗauka. Ta yarda Sahura ta riƙa zuwa ranar awo, ta zauna ta saurara, ta taya ta yi wa mata bayani.

Larabar da ta biyo muka yanke shawara. Jikka goma sha biyar muka ba ta rance, na forfe da zirga-zirga, tunda akwai darussa na kyauta da madam ta nuna mata. Muka kuma buɗe wani gwangwani daban da asusun taimako, dala biyar kowace mako, muka sa masa suna kuɗin gwiwa. Ba a taɓa shi sai don mota ko kabu-kabu in naƙuda ta tashi. Mun ajiye lambar masu mota biyu. Tun 1991 da aka fara Mata Masu Dubara a nan jihar Maraɗi ake ce mana akwati na ga sana'a ne da rabo, ga shi mu sai bana muka lura babu wadda ta taɓa ware ko dala don daren haihuwa.

Sahura ba ta ji daɗi ba, kuma ba za mu ce ba ta da gaskiya ba. Ta ce, "Ku duk kuna da sana'a. Ni burobe gare ni, in masu furoje suka zo takarda suke tambaya, ba su tambayar wa ya kwana da wa." Haka ne. Rakiya a garin nan ladanta sabulu da turmin zane in an yi suna, shi ma in an tuna. Madam ta ce takardar da ke buɗe ƙofa a nan ita ce ta makarantar aikin lafiya, shekara 3 ana zaune a aji, kuma kuɗinta ya fi ƙarfin akwatinmu nesa ba kusa ba. Wasu cikinmu sun ce a nemi sauran ƙungiyoyin unguwa a haɗa. Wasu sun ce in ta gama aure zai ɗauke ta zuwa Dan Isa ko Jibiya, mu tashi a tutar babu. Mun bar zancen sai ranar rabo.

Kafin nan dai mata huɗu ta raka. Ta ukun ƴar shekara 17 ce, cikin fari, Sahura ta lura tun magariba ta daina cin tuwo tana dafa bango. Uwar mijin ta ce kunya ce ta ɗan fari, a bar ta. Sahura ta aika aka taso Inna Tsahara, tsohuwa ta zo da sandarta ta ce wa uwar miji, "Yaya, ranar wanka ba a ɓoyon cibi." Ƙarfe goma sha ɗaya mota ta zo. An ciri jikka uku daga gwangwani, kuma mijin ya mayar da biyu ranar suna.