Kiɗan da na raina

Na taɓa gaya wa ƴan ajinmu cewa kiɗan gitar na Turawa hayaniya ce kawai. Yau na zo in janye maganata.

Ƙanena ne ya nuna mini wani bidiyo cikin wayarsa. Mutum biyar ƴan Ingila, ana ce da ƙungiyarsu Radiohead. A 2008 suka shiga wani ɗaki a birnin Landan suka yi kiɗa. Ba taro, ba tafi. Su kaɗai ne, kowa ya kasa kunne ga ɗan'uwansa.

Ka san lugude? Mata uku, turmi guda, taɓarya ba ta bugun taɓarya. Haka gitarsu uku suke yi cikin waƙar Weird Fishes. Kowa na taɓa tsirkiya ɗai-ɗai. Inda wannan ya ɗaga, nan wancan zai sauka. Mai ganga bai sassauta ba. Can sai muryar Thom Yorke ta hau bisa, siririya kamar sarewar makiyayi da almuru.

Ni Faransanci na koya a lakkol, ko kalma guda ban gane ba. Amma sau huɗu na ce a maido, har batir ya ƙare, ƙanena na ta gunaguni.