Takarda Ba Ta Ɓata Zumunci

Wasan kwaikwayon Hausa a Nijar da baki ya girma. A zamanin Seyni Kountché, daga 1974 zuwa 1987, samariya ce uwar wasa a kowane gari, kuma abin da ɗan wasa ke nema shi ne ya ɗaga sunan garinsu a bikin matasa na ƙasa. Ƙungiyar Yazi Dogo ta Damagaram ma ba ta dogara ga rubutaccen wasa ba: a kan tsara labari, kowa ya saƙa maganarsa wurin gwaji, kamar yadda Janet Beik ta bayyana a littafinta na 1987.

Da kuɗi suka shigo, sai lissafi ya sake. Masu ayyukan raya karkara kan nemi wasan faɗakarwa kan karatun ƴaƴa mata ko rigakafi, a kai shi Illela, Tajaye ko Badagishiri. Shugaban ƙungiya kaɗai ke sa hannu. Makaɗi, da mai ɗinka tufafi, da yaron da ke dakon lasifika, ba su da abin riƙewa sai "za a gani". Na ga ƙungiyar da ta yi shekaru tana wasa kyauta cikin fara'a, amma jaka hamsin ta watsa ta a dare guda.

Shi ya sa duk ƙungiyar da ta nemi shawarata nakan ce a rubuta yarjejeniya, shafi guda, da Hausa, boko ko ajami. A sa sunan kowa da aikinsa, yawan gwaji da na wasa, rabon kowa da ranar biya, da wanda zai ɗauki kuɗin mota da abinci. A faɗi abin da za a yi idan ruwa ya hana wasa ko wani ya kwanta ciwo. Yarinya kuwa, sai da yardar iyayenta. Sannan a karanta da ƙarfi gaban shaidu, domin wanda bai yi karatu ba ya ji da kunnensa.

Batu mafi nauyi shi ne mallaka. Wasan da mutum goma suka saƙa da bakinsu, na wane ne idan rediyo ta ɗauka, ko ya bazu a wayoyi? Nijar ta yi dokar haƙƙin mawallafa a 1993, ta sabunta ta a 2010, akwai kuma hukumar BNDA. Amma da wuya doka ta kare wanda sunansa bai fito a ko'ina ba.

Wasu kan ce mini takarda alamar rashin yarda ce. Nakan tuna masu cewa ayar da ta fi tsawo a Alƙur'ani umarni ce a rubuta bashi tsakanin muminai. Malamai da shugabannin ƙungiyoyi, ku rubuta tun ana dariya, kafin ranar rabo ta zo.