Kunne Ke Zaɓen Ganga: Darussa Daga Tabelot

Tabelot gari ne na lambunan albasa a gindin dutsen Bagzan, cikin ƙasar Abzin. Wurin matansa na koyi yadda ake gane abin kiɗa na ƙwarai. Yawancinmu ido muke turawa kasuwa, daga baya kunne ya yi nadama.

1. Kowace ganga da gidanta. Na tambayi wata dattijuwa inda ake sayar da tende. Ta ce, "Ɗana, ga shi can ana daka hatsi a ciki." Ashe tenden Abzinawa turmi ne: a rufe bakinsa da fatar akuya, a ɗaure igiyoyi a jikin taɓare biyu, mata su zauna a kansu fata ta miƙe. In an tashi daga wasa a kwance, turmi ya koma bakin aikinsa. Tambari na sarauta ne, kalangu na mahauta, akanzam kuwa a bikin Biyanu na Agadas ya fi tashe. Kafin ka taya, san taron da za ta yi wa hidima.

2. Icce ne tushen murya. Zane da fenti suna ɓoye tsaga. Yanzu sai na juya ganga na leƙa cikinta, na ƙwanƙwasa gefe da yatsa, na nemi ɓurɓushin da ƙwaro ke bari. Ɗanyen icce yana da nauyi mai ruɗi, amma iskar hunturu ɗaya ta isa ta tsaga shi. Ba banza ba masassaƙan ƙasar Hausa suke son ƙirya wajen turmi.

3. Fata na da hali. Na ga mai kiɗan tende tana yayyafa wa fata ruwa a kai a kai, don busasshiyar iskar Abzin kan shaƙe amon. Wasu gangunan kuwa rana ko wuta suke so kafin su yi magana. Ɗaga fata ka duba ta a haske: inda wuƙar mai fiɗa ta shafta, nan za ta fara yagewa. Tambayi mai sayarwa yadda ake kula da ita. In ya yi inda-inda, ba hannunsa ya ɗaure ta ba.

4. Tafi da mai kiɗa. Amon tende na ƙwarai shi ke jan raƙuma su kewaye mata suna taku, mahaya na juya akala. Hannun da ya saba ne kawai ke fito da wannan amo, don haka na daina sayen ganga sai makaɗi ya taɓa ta a gabana, na ja da baya na saurara daga nesa. In ta ci jarrabawa, ba na matsa ciniki. Kuɗin nan shi ke riƙe masassaƙa da matan maƙera masu aikin fata a kan sana'arsu, kuma ranar da suka bari, babu kasuwar da za ta sayar mana da wannan murya.