Ba kowane ciwon mara ba ne sanyi

'Yar'uwa, makon jiya wata mata ta zo kantinmu neman maganin sanyi, karo na uku cikin wata biyu. Da na bincika, ashe sau biyu aka yi mata tiyatar haihuwa. Na gane ciwon, don ni ma na sha shi bayan aikin ɗana: mara ta riƙa ja in na miƙe ko na ɗaga bokiti.

Idan an buɗe ciki, wajen warkewa jiki kan saƙa zaruruwan tabo da ke manne hanji ko mahaifa da bangon ciki. Mata da yawa ba sa jin komai. Wasu kuwa ciwo, ko jinkirin samun ciki. Ba kasafai sikanin ke nuna su ba, kuma babu ƙwayar da ke narkar da su; duk mai cewa yana da ita, kuɗinki yake so. Shan diclofenac kullum kuma yana iya ja miki gyambon ciki.

Na hana ta maganin, na tura ta wurin likitan mata. Ta fita tana fushi.

In cikinki ya kumbura, ga amai, ba tusa ba bayan gida, ƙila hanji ne ya toshe. Kada ki kwana gida, ko da aikin ya shekara 10.