Jan Biro da Littafin Ambaliya

A zangon karatu na biyu na shekarar 2024 na ba 'yan ajin ƙarshe insha'i a kan sana'ar da kowa yake son yi. Likitoci suka fi yawa, sai sojoji, sai masu son zama ciyaman. Yaro guda ne ya rubuta wai shi marubucin gem yake son zama, wato mai tsara labarin wasannin nan na bidiyo. Ban ɓata lokaci ba na sa jan biro na rubuta masa a gefe: "Wannan ba sana'a ba ce, sake tunani." Abin da na sani game da gem bai wuce shagunan nan da samari ke cika da ihu suna buga ƙwallo a talabijin, janareta na ta hayaƙi ba. Ina labari a nan?

Washegari ya same ni a ofishin malamai, ya durƙusa ya miƙo mini wani littafin rubutu mai shafi 60, ya ce, "Malam, don Allah a duba wannan ma." Na buɗe, sai na ga kamar aikin wanda zazzaɓi ya taɓa wa kai. Kibiyoyi ko'ina, shafi na 3 ya tura ka na 9, na 9 ya mayar da kai na 5. Ni kuwa shekara da shekaru ina koya wa yara cewa labari yana da farko da tsakiya da ƙarshe. Har na ɗaga biro, sai ya ce, "Malam, ba karantawa ake yi ba, shiga ake yi."

To, na shiga. Labarin ambaliyar 2022 ne, wadda duk mutumin Kafin Hausa da ƙasar Haɗeja bai manta da ita ba. Kai ne yaron da ke riƙe da kwalekwale cikin dare, ruwa ya cinye unguwa, jirgin kuma ba zai ɗauki komai da komai ba. Ga buhunan shinkafar da gidanku zai ci shekara, ga tsohuwar maƙwabciyarku a kan katanga. In ka ɗauki tsohuwa, je shafi na 9. In ka ɗauki shinkafa, je na 14. Mai karatu, wallahi na fi minti biyu riƙe da takardar nan. Na karanta Ruwan Bagaja ba adadi, amma duk tsiyar da aka tafka a ciki ba a taɓa ɗora mini alhakinta ba. A nan kuwa ni ne mai laifin. Na zaɓi tsohuwa don kunyar ɗalibina, kuma a shafi na 22 ƙannena suka kwana da yunwa.

Daga ranar na zama ɗalibi, shi malami, ko da yake ban faɗa masa haka ba. Ya nuna mini wata manhaja ta kyauta mai suna Twine, wadda Chris Klimas ya fitar a 2009, inda kowane shafi ke zama ɗan akwati, zaɓi kuma ya zama zare mai haɗa su. Ƙ da ɗ da ɓ duk suna fita lafiya. A nan na gane wahalar aikin. In kowane zaɓi ya haifi hanya biyu, zaɓi 10 kacal zai ba ka ƙarshe 1,024, wanda ko Abubakar Imam ba zai rubuta ba. Saboda haka dabarar ita ce ka bar rassan su rabu kaɗan su sake haɗuwa, amma wasan ya riƙe abin da mutum ya aikata. Duk hanyar da ka bi, tudun makarantar firamare za ka isa. Sai dai in shinkafa ka ɗauko, jikan tsohuwar ba zai amsa sallamarka ba. Akwai kuma aikin da ba wanda zai yaba maka: ka rubuta wa mai gadi hanya 20 ta cewa "wane ne nan?" don kada ya gunduri mai wasa.

Abin ya tuna mini da kakata. In tana tatsuniyar Gizo muka katse ta da "to da bai shiga ramin ba fa?", ba ta tsawata mana, sai ta karkata labarin ta bi da mu can, ta dawo da mu gun kura ba mu ankara ba. Ashe sana'ar ta daɗe a ɗakin tsofaffi.

Sai dai daɗin tatsuniya daban, tuwon dare daban. Bayan jarrabawa mahaifin yaron, manomin riɗi ne, ya zo har gida bayan la'asar. Muka gaisa, ya gyara zama a tabarma ya ce, "Malam, ku ne idonmu. Abin nan da yaron nan ya ɗauko, ana ci da shi?"

Na faɗa masa abin da na bincika. Ana ci. Wata marubuciya, Meg Jayanth, ta rubuta wasan 80 Days na 2014, mai kalmomi fiye da 500,000, ta yi suna a duniya da shi. A Kamaru, kamfanin Kiro'o ya fitar da Aurion a 2016, labari na Afirka tsantsa. A Legas akwai Maliyo Games tun 2012, waɗanda suka fara horar da matasa a shirin GameUp Africa a 2021. Amma ban ɓoye masa ɗaya gefen ba. Kamfanonin ƙasarmu ƙanana ne, sun fi bukatar mai haɗa manhaja da mai zane a kan marubuci. A 2023 kaɗai an sallami ma'aikata fiye da 10,000 a wannan masana'anta a duniya. Ga rashin wuta, ga tsadar data, ga shi yaron ko kwamfutar kansa ba shi da ita. Shawarata ita ce ya nemi gurbin karatun kwamfuta a Jami'ar Sule Lamido da ke nan garinmu, ya ci gaba da rubuta ƙananan wasanni yana tarawa, domin a wannan fage abin da ka ƙera ake tambaya kafin takarda.

Akwai abin da ban faɗa masa ba. Ina sakandare lokacin da In Da So Da Ƙauna ke yawo hannu-hannu a ƙarƙashin benci, na rubuta nawa littafin a takardun makaranta. Wani malaminmu ya ce mini rubutun soyayya ba sana'a ba ce. Wasu da ba su ji irin wannan magana ba su ne suka koma rubuta finafinai a Kano. Nawa yana nan cikin akwatin ƙarfe, gara ta ci babi biyu. Kalmomin malamin nan ne, ba ragi ba ƙari, na tsinci hannuna yana rubutawa da jan biro.

Dattijon ya yi shiru, sannan ya ce a karanta masa abin ya ji. Yaron ya matso ya fara, murya na rawa. Da aka zo kan katanga, ya ce, "Baba, tsohuwa ko shinkafa?"

"Kai, wane irin zance ne wannan? A ɗora tsohuwa da buhu biyu, ni in sauka in tura jirgin. Ruwan ai bai wuce ƙirji ba a lokacin."

Yaron ya juya shafi gaba, ya juya baya. Babu wannan hanyar a littafin. Ya dube ni, ya ce, "Malam, a ara mini biro." Jan nan ne kaɗai a aljihuna, na ba shi.