Gyara Kayanka Bai Zama Sauke Mu Raba Ba

Duk wanda ya san Gadarif ya san ta da dawa da riɗi, da baƙar ƙasa mai riƙe ƙafa da damina, da kasuwar amfanin gona wadda ake sauraron farashinta har a Kartum. Kaɗan ne suka san cewa cikin jikokin Hausawan da suka yada zango a nan kan hanyarsu ta zuwa Makka, akwai waɗanda gonarsu ta koma allon kwamfuta. Mu ke nan, masu rubuta manhaja. Sana'ar nan ta koya mana wani abu game da mulki, kuma a wurin wasa muka fara koyonsa.

Mun tashi a ƙarƙashin takunkumin da Amurka ta ƙaƙaba wa Sudan a 1997, wanda ba a ɗage ba sai a watan Oktoba na 2017. A mafi yawan shekarun nan, ƙofofin manyan kamfanonin manhaja a rufe suke gare mu, ko da kuɗi a hannu. Abin da ya rage mana shi ne buɗaɗɗiyar manhaja, wato wadda masu ita suka saki tushen rubutunta, kowa ya karanta, ya kwafa, ya gyara, ya miƙa wa maƙwabci. Irin ta ce Linux, wadda Linus Torvalds ya fara a 1991 yana ɗalibi a ƙasar Finlan. Bahaushe ba ya buƙatar dogon bayani a nan, domin gayya ce, abin da 'yan'uwanmu na Sudan ke kira nafir: kowa ya zo da fartanyarsa, a gama kunya a shiga wata.

Wasannin kwamfuta ma akwai na gayya. A 2018 masu aikin sa kai na wasan 0 A.D. suka ƙara daular Kush a cikinsa, sai ga yaron Gadarif yana gina dalar Merowe irin wadda ke arewacin ƙasarsa. Akwai kuma Freeciv, wanda ɗalibai uku na ƙasar Denmak suka fitar a 1996, inda mai wasa ke rainon al'umma tun daga ƙauye har ta zama daula. Ladan waɗannan wasanni ɗaya ne da na dara: dokokinsu a fili suke. Mai son ya san dalilin da ya sa birninsa ya yi bore zai buɗe fayil ya karanta, in dokar ba ta yi masa ba ya sauya ta.

A cikin Freeciv akwai maɓallin juyin juya hali. In ka danna shi, ƙasa za ta shiga ruɗani na 'yan zagaye kaɗan, haraji ya tsaya, bincike ya tsaya, daga nan sai a ba ka zaɓi: sarauta, jamhuriya ko dimokuraɗiyya. Ka zaɓa, wasa ya ci gaba. Mu kuwa mun ga yadda abin yake a wajen allo. Da farashin burodi ya ninka uku, Atbara ta tashi ranar 19 ga Disamba 2018, washegari Gadarif ta bi, aka rasa rayuka a titunan da muke bi zuwa kasuwa. Garin da ke ciyar da Sudan ne ya fito yana kukan burodi. Ranar 11 ga Afrilu 2019 mulkin Umar al-Bashir na shekara 30 ya faɗi. An danna maɓalli ke nan, amma ruɗanin ya ƙi ƙarewa: kisan masu zaman dirshan a Kartum ranar 3 ga Yuni 2019, juyin mulkin 25 ga Oktoba 2021, sai yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023.

A nan ne idon mai rubuta manhaja ke ganin abin da wasan ya tsallake. Ranar da aka saki manhaja ita ce ranar da aiki ya fara. Babu rubutun da ke fita ba tare da kuskure ba, komai gwanintar marubucinsa. Abin da ke rayar da shi shi ne wurin kai ƙorafi: kowa ya rubuta abin da ya gani ya lalace, masu kula su duba a bainar jama'a, a gyara, a rubuta sunan wanda ya gano. A sana'armu, mai nuna maka kuskure abokin aiki ne, godiya ake yi masa. Magabata sun riga mu faɗa: gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Takardar tsarin mulkin riƙon ƙwarya da aka sanya wa hannu ranar 17 ga Agusta 2019 ta tanadi majalisar dokoki cikin kwana 90. Har sojoji suka kifar da gwamnatin Abdalla Hamdok ba a kafa ta ba. An saki manhaja, aka bar ta ba wurin kai ƙorafi. Masu iko kuma da suka ji ƙorafi ya yi yawa, sai su tsinke waya: haka aka rufe intanet sama da wata guda bayan kisan 3 ga Yuni, aka sake rufe ta bayan juyin mulkin 2021. Lauya Abdul-Azim Hassan ya kai ƙara kotu a watan Yunin 2019 ya yi nasara, amma shi kaɗai aka mayar wa layi, tunda da sunansa ya shigar. Bai gaji ba, ya koma da sunan jama'a, ranar 9 ga Yuli aka buɗe wa kowa. Mu a wurinmu wannan gyara ne irin na gwanaye: a gwada a wuri ɗaya, sannan a yaɗa.

Akwai kuma inda misalin ya tsaya, wajibi ne mu faɗa. In masu buɗaɗɗiyar manhaja suka saɓa har abin ya gagara, ɓangare ɗaya zai kwafi rubutun ya kama gabansa, babu wanda ya yi asarar komai. Ƙasa ba ta kwafuwa. Kogin Nilu ɗaya ne, gonakin Fashaga ɗaya ne. Mun ga rabuwar 2011, mun kuma ga waɗanda suka gudo daga Wad Madani a Disamba 2023 suna kwana a azuzuwan makarantun Gadarif. Inda aka hana gyara, sauke mu raba ke biyo baya, kuma da jini ake yinsa.

Duk da haka gayya ba ta mutu ba. Ɗakunan agajin gaggawa da matasan unguwanni suka kafa tun farkon yaƙin, masu dafa abinci da nemo magani, a kan nafir suka ginu, kuma tsarinsu irin namu ne: aiki a rarrabe, kowa ya ɗauki abin da zai iya. Namu ɗan kason shi ne mu zaunar da ƙannenmu, mata da maza, ko da wuta na zuwa tana tafiya, mu buɗe musu fayil ɗin dokokin wasa, mu fassara musu shi da Hausa, mu ce su nemo abin da bai yi daidai ba. Yaron da ya saba karanta doka, ya saba a saurare shi in ya ce ga kuskure, da wuya ya girma ya ɗauki mai ƙorafi maƙiyi. Allah ya zaunar da Sudan lafiya.