Ɗan akwatin ƙarfen da ke saman bango

A wasu shagunan Akurba ta Lafiya da ake buga takardu da cike fom ta intanet, idon mai shigowa kan tsaya ne a kan kwamfuta da firinta. Sai wanda ya ɗaga kai zai hango wani baƙin akwatin ƙarfe maƙale a bango, da ƙofar gilashi, ƙananan fitilu kore suna ta ƙyaftawa a ciki. A nan rauta take zaune, tare da na'urar da ke rarraba layi ga kwamfutoci, wani lokaci har da wata 'yar kwamfuta da ba ta wuce tafin hannu ba. Rautar ba ta da allo, ba mai taɓa ta, amma in ta tsaya shagon ya tsaya.

Akwatin nan ba a ƙera shi da ka ba. Faɗin gurbinsa inci 19 ne, kowane hawa kuma tsayinsa inci 1.75, wato milimita 44.45. Ma'aunin ya samo asali ne daga kayan tarho na Amurka tun shekarun 1920, har yau kuwa shi ake bi. Shi ya sa rautar MikroTik ta kamfanin ƙasar Latbiya da na'urar da aka ƙera a Sin suke shiga ramukan kusoshi iri ɗaya ba tare da an kira mai walda ba. Wannan daidaito yana burge ni ƙwarai.

Abin da ya fi damuna shi ne batir. A Akurba ne aka gina babbar tashar rarraba wutar lantarki mai ƙarfin kilobolt 330, wadda shugaban ƙasa na lokacin, Muhammadu Buhari, ya buɗe a watan Fabrairun 2022. Amma girman tasha daban, wayar da ta iso shago daban. Rauta ba ruwanta da tsawon lokacin da aka ɗauke wuta: ko daƙiƙa biyu ne, za ta mutu ta sake tashi daga farko, sai ta yi minti ɗaya ko biyu kafin layi ya dawo. Ɗalibin da ke tsakiyar biyan kuɗin rajistar JAMB ya san nauyin wannan mintin. Kafin a ja igiyar janareta aikin gama ya gama. Ƙananan kwamfutoci irin su Raspberry Pi sun fi shiga haɗari, domin in wuta ta yanke suna cikin rubutu a katin ajiya, katin na iya lalacewa.

Batirin da aka saba samu a cikin UPS, na'urar da ke riƙe wuta in an ɗauke, mai bolt 12 ne da amfa-awa 7. A lissafin takarda zai riƙe rauta mai cin wat 10 kusan awa takwas. A aikace ba ya kaiwa, saboda UPS na ɗaga wutar zuwa bolt 230, cajar rautar ta sake sauke ta zuwa 12, a kowane juyi ana asara. Ƙaramin batirin da ke ba rauta bolt 12 kai tsaye ya fi tattali nesa ba kusa ba.

Sai zafi. Batirin dalma irin na UPS an auna rayuwarsa ne a digiri 25, kuma duk ƙarin digiri goma na rage kusan rabinta. Zafin Lafiya a watan Maris da Afrilu kuwa yakan haura 35 a inuwa, balle a ƙarƙashin rufin kwano. Idan aka kulle batir cikin akwati dab da silin, inda zafin ɗaki ke taruwa, an yanke masa kwana tun ranar da aka saye shi. Daga baya mai shago ya ce an sayar masa da jabu.

Mai shago, sauko da batirin nan ƙasa inda iska ke kaɗawa, ka sa wa akwatin 'yar fanka, ka riƙa kakkaɓe ƙurar hunturu, ka toshe ramin da ɓera ke bi. Sau ɗaya a wata ka kashe wuta da hannunka ka ga tsawon lokacin da zai riƙe. In ya yi kondem kada ka jefa shi bola inda yara ke wasa, domin dalma guba ce; ka kai wa masu sayen tsohon batir.